Ziyarar Urushalima: Darasin Da Duwatsun Haikali Ke Koya Mana



Kwanakin baya ikilisiyarmu ta yi sujadar godiya domin marabtar wasu 'yan'uwa da suka dawo daga ziyarar Ƙasa Mai Tsarki. Majami'a ta cika maƙil, Zumuntar Mata sun raira waƙoƙi, aka zaunar da matafiyan a kujerun gaba, aka karanta sunayensu ɗaya bayan ɗaya, kowanne da haruffan J.P. a ƙarshe, wato wanda ya ziyarci Urushalima. Bayan an tashi, wata tsohuwa gwauruwa wadda ta yi shekaru tana share majami'ar nan kowace Asabar ta tare ni a bakin ƙofa. Ta ce, "Ɗana, kai ma ka je. Mu da ba mu da halin zuwa har mu mutu fa? Addu'armu tana isa kamar taku kuwa?"

Na ba ta amsa a gajarce, amma tambayar ta hana ni barci. Idan har bikin da muke yi ya sa irin wannan baiwar Allah ta fara shakkar matsayinta a gaban Ubangiji, to akwai abin da muke koyarwa da ayyukanmu wanda ba ya cikin Littafi Mai Tsarki. Dalilin wannan rubutu ke nan. Ra'ayina shi ne: ziyarar Urushalima abu ne mai kyau, wanda Allah ya hore masa ya je. Amma ba farilla ba ce ga mai bi, ba ta kuma ƙara wa kowa daraja a gaban Allah. Babu wurin da ya fi koyar da haka kamar filin Haikalin kansa, in dai mutum ya tsaya a can da idanu a buɗe.

Bari mu fara da tarihin wurin, domin da yawa suna zuwa su dawo ba su san abin da suka gani ba. Sarki Sulemanu ɗan Dawuda ne ya gina Haikali na farko, wajen shekara 960 kafin haihuwar Almasihu. Sojojin Nebukadnezzar sarkin Babila suka ƙone shi a shekara ta 586. Da Yahudawa suka dawo daga bauta, suka gina na biyu ƙarƙashin jagorancin Zarubabel, aka gama a shekara ta 516. Wajen shekara 20 kafin haihuwar Almasihu, Hirudus Babba ya soma faɗaɗa shi. Ya kewaye tudun da manyan katangu, ya cike tsakaninsu, har ya sami fili mai faɗin kusan hekta 14, wato kamar filin ƙwallo 20 a haɗe. Wannan ne Haikalin da aka kawo Yesu yana jariri, inda ya zauna cikin malamai yana ɗan shekara 12, inda kuma ya yi koyarwa a makonsa na ƙarshe. A shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu, rundunar Roma ƙarƙashin Titus ta rushe shi. Tun daga ranar ba a sake gina shi ba.

Saboda haka duk wanda ya ce maka ya shiga Haikalin Sulemanu, ka san bai fahimci abin da ja-gora ya faɗa ba. Abin da ya rage shi ne filin da katangun da suka tokare shi. Bangon Yamma, inda Yahudawa suke addu'a suna cusa 'yan takardu a tsakanin duwatsu, wani sashe ne na katangar Hirudus, ba bangon ɗakin Haikali ba ne. A cikin ramin da ya bi gindin katangar akwai dutse guda mai tsawon fiye da mita 13. Da ka gan shi za ka gane abin da ya sa almajirai suka yi mamakin girman duwatsun, kamar yadda Markus sura 13 ta ba da labari, da kuma nauyin amsar da Yesu ya ba su, cewa duk wannan gini za a rushe shi ƙasa warwas.

Wurin da ya fi taɓa zuciyata yana kusa da kusurwar kudu maso yamma. Masu tonon kayan tarihi, waɗanda suka soma aiki a yankin a 1968, sun buɗe wani titi na zamanin Yesu, kuma a kansa ga tarin manyan duwatsu da sojojin Roma suka turo daga sama. Har yau suna nan inda suka faɗi, daɓen titin ya lotsa saboda nauyinsu. Na tsaya a gabansu na tuna yadda muke alfahari da gine-ginen majami'unmu, yadda ikilisiya ɗaya take gasa da wata a kan tsawon hasumiya da kyan daɓe. Gidan da Allah da kansa ya sa sunansa a kai ya zama kango. Sulemanu ma, ranar keɓe Haikalin, ya shaida cewa sammai ba su isa su ɗauki Allah ba, balle ɗakin da ya gina (1 Sarakuna 8:27). Istifanas ya maimaita wannan gaskiya a gaban majalisa, suka jajjefe shi. Yesu kuma ya gaya wa Basamariya a bakin rijiya cewa lokaci ya yi da sujada ta gaskiya ba za ta rataya a kan dutsen Samariya ko Urushalima ba (Yahaya sura 4). To, ta yaya mu da muka gāji wannan koyarwa za mu mai da tafiya zuwa Urushalima ma'aunin bangaskiya?

Akwai wani dutse kuma da ya kamata kowane Kirista mai jin Hausa ya san labarinsa. A zamanin Yesu, Haikali yana da farfajiyoyi daki-daki. Ta waje ita ce ta Al'ummai, wato duk wanda ba Bayahude ba. Tsakaninta da na ciki akwai gajeren shinge, a jikinsa an kafa duwatsu masu rubutu da Helenanci da Latin, suna gargaɗi cewa baƙon da ya ƙetare, alhakin mutuwarsa yana wuyansa. A 1871 aka gano ɗaya daga cikin waɗannan duwatsu, yanzu yana gidan kayan tarihi a Istanbul ta ƙasar Turkiyya. Zargin cewa Bulus ya shigar da Ba'al'umme bayan wannan shinge ne ya ta da tarzomar da ta kai ga kama shi, a Ayyukan Manzanni sura 21. Shi Bulus ɗin ne kuma ya rubuta wa Afisawa cewa Almasihu ya rushe katangar da ta raba Yahudawa da Al'ummai.

'Yan'uwa, mu ne Al'umman nan. Da a zamanin ne muka je, da Bahaushe, da Bajju, da Angas, da Bura, da Tangale, duk a bayan shinge za mu tsaya. Jinin Yesu ne ya shigar da mu, ba kuɗin jirgi ba. Abin kunya ne ƙwarai a ce mu da aka rushe mana shinge mun dawo gida mun gina sabo a cikin ikilisiya, masu J.P. a gaba, marasa shi a baya. Na san babu wanda ya zauna ya shirya haka. Amma idan ana zaɓen dattawa sai a ji ana cewa wane ya je Urushalima, idan ana taron biki sai mutum ya yi fushi don mai gabatarwa ya manta da haruffansa biyu. Irin wannan hali shi ne ya jawo tambayar gwauruwar nan.

Mu gane kuma cewa umarnin zuwa Urushalima sau uku a shekara, wanda ke cikin Maimaitawar Shari'a 16:16, an ba Isra'ilawa ne domin idodinsu, lokacin da ake miƙa hadaya. A Sabon Alkawari babu inda aka ɗora wa mai bi irin wannan tafiya. Maƙwabtanmu Musulmi suna da aikin Hajji a cikin shikashikan addininsu, wanda ya sauke farali kuma ana kiransa Alhaji ko Hajiya. Wannan bisa ga koyarwarsu ne, muna kuma girmama su a kai. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: yawancin sha'awarmu ga laƙabin J.P. daga gasa ta fito, domin kada a ce an bar mu a baya. Gasa kuwa ba ta taɓa zama tushen ibada mai kyau ba.

Yanzu bari mu hau kan filin kansa. A yau abin da ke tsakiyarsa shi ne Ƙubbar Dutse mai rufin zinariya, wadda Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya gama ginawa wajen shekara ta 691, daga kudu kuma ga Masallacin Al-Aƙsa. Musulmi suna kiran wurin Haramus Sharif, shi ne alƙiblarsu ta farko, kuma wuri na uku a daraja bayan Makka da Madina. Ga Yahudawa kuwa babu wuri mai tsarki kamarsa a duniya. Tun bayan yaƙin 1967, lokacin da Isra'ila ta kama gabashin birnin, tsarin da aka tsayar shi ne hukumar Waƙafi da ke ƙarƙashin ƙasar Jodan ta riƙa kula da wurin, 'yan sandan Isra'ila su riƙe tsaro, waɗanda ba Musulmi ba kuma su shiga ziyara amma ba yin ibada ba. A 'yan shekarun nan ana ta jayayya mai zafi a kan wannan tsari. Baƙo irinmu yana shiga ne ta ƙofa ɗaya, Ƙofar Magariba, a sa'o'in da aka ƙayyade, ban da Juma'a da Asabar. Ana bukatar sutura ta kamala, ba a kuma yarda a shiga da Littafi Mai Tsarki ko a nuna gicciye. Mai karatu zai tuna cewa ziyarar da Ariel Sharon ya kai wurin a watan Satumba na 2000 ce ta zama ashanar da ta kunna rikicin da ya ci rayuka dubbai.

A cikin ayarinmu akwai wani ɗan'uwa da ya fusata da aka ce ya bar Littafinsa a ƙofa. Da muka hau, ya so ya ɗaga murya ya yi addu'ar "karɓe wuri", kamar yadda ya saba a taron farkawa. Wani dattijo a cikinmu ya kama hannunsa ya ce, "Ɗan'uwa, mu baƙi ne a nan. Allahn da kake so ka kira yana jin abin da ke cikin zuciya." Ina tare da dattijon nan ɗari bisa ɗari. Wasu za su ce wannan tsoro ne ko jin kunyar bishara. Ni ban yarda ba. Mutumin da ya karya dokar wurin ibadar wasu domin a ɗauke shi hoto bai yi wa Almasihu shaida ba, ya dai jefa ja-goransa da 'yan'uwa Kirista mazauna birnin cikin wahala, shi kuwa ya hau jirgi ya tafi. Mu da muka fito daga Kaduna, Jos, Kano da Bauchi mun san da jininmu abin da ƙaramar tsokana a bakin wurin ibada take iya haifarwa. Wanda ya binne 'yan'uwansa saboda irin wannan wuta bai kamata ya ɗauki ashana zuwa garin wasu ba.

Urushalima tana da wani darasi a kan zaman tare. A Majami'ar Kabari Mai Tsarki, wadda aka fara keɓewa a shekara ta 335 a zamanin Sarki Kustantin, ɗarikun Kirista da dama ne suke raba wurin: Girkawa, Katolika, Armeniyawa, Kibɗawan Masar, Suriyawa da Habashawa. Saboda rashin jituwarsu, mabuɗin babbar ƙofar yana hannun iyalan Musulmi biyu tun ƙarnuka da yawa, ɗaya yana ajiyewa, ɗaya yana buɗewa. Akwai wani tsani na katako a ƙarƙashin taga wanda ya fi shekara 150 yana wurin, domin ba a iya taɓa kome sai duk sun yarda. A 2008 har dambe aka yi tsakanin limaman Girkawa da na Armeniyawa a cikin majami'ar. Kusanci da kabarin Yesu bai hana su faɗa ba. Idan zama a wurin dare da rana bai tsarkake zuciya ba, kwana goma na ziyara ba zai yi ba.

Sai maganar kasuwa. A farfajiyar Al'ummai ne, bisa ga fahimtar yawancin masana, Yesu ya birkice teburan 'yan canji, domin sun mai da wurin addu'ar baƙi wurin ciniki. Mu kuwa muna isa can sai hankalinmu ya koma kan kwalaben ruwan Urdun, da man zaitun, da ƙasa a cikin leda, da mayafin addu'a. Tsaraba ba laifi ba ce. Laifin yana inda aka dawo da su ana cewa suna warkar da cuta ko suna buɗe hanyar arziki, har wasu suna sayarwa a majami'a. Bambancin wannan da layar da kakanninmu suka ƙone ranar da suka tuba kaɗan ne. Na ga 'yan'uwa da suka ba Dutsen Zaitun minti goma, suka ba kanti awa biyu. Akwai kuma waɗanda suke sulalewa daga ayari su ɓace domin neman aiki, abin da ya daɗe yana ɓata sunan Nijeriya, yana kuma jawo wa masu zuwa daga baya wuyar samun biza. Wanda ya rantse cewa ibada za shi alhali ci-rani ya nufa, ƙarya ya yi da sunan Allah.

Tun da Nijeriya ta mai da huldar jakadanci da Isra'ila a 1992, bayan yankewar da aka yi a 1973, hanya ta ƙara buɗuwa. A 2007 aka kafa hukumar kula da maziyarta Kirista ta ƙasa bisa doka, jihohi kuma suna da nasu hukumomin. A 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya je ziyarar yana kan mulki. Wannan duk ya sa tafiyar ta zama ruwan dare, amma ya kawo wata jaraba, wato neman kujerar gwamnati. Ra'ayina a nan ba zai yi wa kowa daɗi ba. Idan malaman makaranta suna bin bashin albashi, asibitin ƙauye babu magani, bai dace shugabannin ikilisiya su yi layi a ƙofar masu mulki suna roƙon kujeru ba. Bakin da ya ci ba ya iya tsawatawa. Sarki Dawuda, lokacin da zai sayi masussukar da daga baya aka gina Haikali a kanta, ya ƙi karɓarta kyauta, domin ba ya so ya miƙa wa Allah abin da bai biya ba (2 Sama'ila sura 24). Haka kuma ba na goyon bayan mutum ya sayar da gonar gādo ko ya bar 'ya'yansa ba kuɗin makaranta domin ya je. Yaƙin da ya ɓarke a Oktoba na 2023 ya tsai da tafiye-tafiye na wani lokaci, kuma ban ji an ce ceton wani ya ragu saboda haka ba.

Wani zai tambaya, to ashe babu amfanin zuwa? Akwai ƙwarai. Gani ya kori ji. Wanda ya zauna a kan matakalan kudu, inda masu sujada suke hawa zuwa Haikali, ya karanta Zaburan hawa daga ta 120 zuwa ta 134, ba zai sake karanta su kamar dā ba. Wanda ya sauko daga Dutsen Zaitun da ƙafa, ya ratsa Getsamani ya ga kusancinsa da birnin, zai gane cewa Yesu yana da hanyar gudu zuwa jeji a daren nan amma ya tsaya. Bangaskiyarmu a kan abin da ya faru a wuri sananne da lokaci sananne take, ba tatsuniya ba ce, ziyara kuma tana tabbatar wa zuciya haka. Masu bi sun soma wannan tafiya tun dā, musamman bayan ziyarar Helena mahaifiyar Kustantin wajen shekara ta 326. Amma tun a ƙarnin nan iyayen ikilisiya suka ga haɗarin. Giregori na Nisa ya je ya dawo ya rubuta cewa sauya wuri ba ya kusantar da mutum ga Allah. Jerom ma, wanda ya zauna a Baitalami fiye da shekara 30, ya koyar cewa abin yabo shi ne zaman kirki, ba taka ƙasar Urushalima ba.

Saboda haka ga shawarata ga ikilisiyoyinmu. Idan za a tallafa wa wani ya je, a fara da masu bishara da malaman makarantar Lahadi na ƙauyuka, waɗanda za su mai da abin da suka gani koyarwa, ba waɗanda suka riga suka je sau uku ba. Kafin tafiya a zaunar da matafiya a koya musu tarihin wuraren da ladabin shiga wurin ibadar Yahudawa da na Musulmi. In sun isa, su nemi lokaci su yi sujada tare da Kiristocin ƙasar, Larabawa 'yan'uwanmu, waɗanda yawansu a Urushalima bai wuce kusan biyu cikin ɗari ba, waɗanda kuma suke kiran Mahalicci da sunan Allah kamar yadda muke yi. Yawancin ayari suna duban duwatsu su wuce rayayyun 'yan'uwa ba ko gaisuwa. In sun dawo kuma, a rage biki a ƙara ba da rahoto. Laƙabin nan kuwa, ina roƙon 'yan'uwana da muka je mu ajiye shi da kanmu. Ni na cire shi daga sunana, ban kuma ga abin da na rasa ba.

Mu tuna da wani maziyarci daga nahiyarmu da Ayyukan Manzanni sura 8 ta ba da labarinsa, wato baban nan na Habasha, ma'ajin Sarauniya Kandakatu. Ya yi tafiyar makonni a karusa domin yin sujada a Urushalima, ya ga Haikali da dukan darajarsa, amma ya juyo yana karanta littafin Ishaya bai gane ba. A hanyar hamada ne, nesa da duwatsu masu tsarki, Filibus ya bayyana masa Yesu, aka yi masa baftisma, ya tafi gida da murna. Abin da ya kai wa mutanensa ke nan.

Ga Mama mai share majami'a, wannan ita ce cikakkiyar amsata. A cikin wannan Haikali ne Yesu ya zauna yana duban masu zuba baiko. Attajirai suka zuba da yawa, bai yaba wa kowa ba sai wata gwauruwa matalauciya da ta zuba anini biyu (Markus 12:41-44). Mama, Haikalin ya rushe, amma idon da ya ga matar nan yana ganin tsintsiyarki. Addu'arki tana isa.

Ubangiji ya ba mu zuciyar tawali'u, mu da muka je da waɗanda ba su je ba. Ya ba Urushalima salama, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.